Sai An Amsa Wa Inna Gaisuwa

Shafi na 7

Masu turo min "ina labari, ina labari" tun da sassafe, ko sallama babu, ku matso kusa. Wannan shafin da ku yake.

*

Hamdiyya ta kalli bidiyon har ƙarshe. Ta mayar da shi farko, ta sake kallo.

Ƙafa ce.

Ƙafafun kakarta Inna Mero ne cikin silifas, sai kashin tumaki a gefe, sai wata kaza da ta shigo ta duba ta fita. Murya kam tana fita tangaram, Inna na ta bayanin dusa da harawa. Amma daga idon sawu zuwa sama, babu Inna.

"Mushe," ta ce a hankali, "ina Inna?"

"Ga ta nan kina gani."

"Na ga ƙafarta. Ina sauran?"

Mushe Zubairu ya gyara tsayuwa. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransanci, kuma shi ke auren Zulfa, autar Inna. Bara aka tura shi furmasiyo, wato horaswa, ta 'yan kwanaki a Damagaram, ya dawo da riga mai aljihu ko'ina da wani baj rataye a wuya. An gama furmasiyo, an yi damina, an yi girbi, baj bai sauka ba. Har masallaci da shi yake zuwa. In zai yi sujada sai ya wurga shi ta baya.

"Wannan shi ake kira kadraj," ya ce. "Ke ba za ki gane ba. A fara daga ƙasa, a bar ɗalibi ya yi tunani."

"To. Har bidiyon ya ƙare ɗalibi yana nan yana tunani."

Ba wani kadraj. Tun ranar da ya auri Zulfa, Mushe bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskar surukarsa ba. An ba shi salula an ce ya ɗauki Inna. Inda idonsa ya tsaya, nan salula ta tsaya.

Hamdiyya ta ɗaga kai ta dubi rana. Ta riga ta karkata.

Da ƙyar ta samo wa ƙauyensu ajin nan. Wata ƙungiyar mata ce a Damagaram ta buɗe dandalin karatu a cikin salula, inda mai sana'a ke ɗora darasi, na nesa su kalla su koya. Ita Hamdiyya da ba ta gama lakwal ba, da latse-latse ta koyi abin, ta buɗe aji ta sa masa suna Turkar Rago, ta rubuta Inna a matsayin malama. Ta bi gida-gida a Kwaya da kewaye tana shigar da mata, wasu a wayar mazajensu, wasu a ta 'ya'yansu. Kuma Madam Rashida, mai kula da dandalin, ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in darasin farko bai hau ba kafin la'asar ta yau, da fuskar malama a ciki, za a rufe ajin a ba wani gari.

"Ba ni wayar, Mushe. Wannan ɗin ma mu ajiye shi, ko don muryar."

"Na goge."

"Ka me?"

"Na yi netwayaj. Ba shi da kalite."

"Ɗazu kadraj ne."

"Kadraj ne marar kalite."

Hamdiyya ta karɓi salula. Mijin gwaggonta ne. Akwai maganar da sai dai a haɗiye ta da ruwa.

Inna na zaune a tabarma kusa da turke, hannunta a wuyan ragonta. Kumandan take kiransa, wai don shi ma ba ya komai sai ci da kallon mutane. Shi kuwa Mushe tuni ya koma bayan zana, inda zai ji komai ba tare da an haɗa ido ba.

"Tsohuwa," in ji Hamdiyya, "za mu sake. Ki kalli nan, ɗan baƙin idon nan. Mutanen suna ciki."

Inna ta saki wuyan rago.

"Waɗanne mutane?"

"Ɗalibanki mana."

"Suna ciki tun ɗazu?"

"Eh to, kusan haka."

"Kuma kika bar ni ina ta zuba ba mayafi, ba gaisuwa? Ke wace irin yarinya ce?"

Nan Hamdiyya ta gane ta yi wa kanta. Inna ta shiga ɗaki. Ta fito da mayafin biki, ta goga kwalli, ta zauna ta miƙe baya. Hamdiyya ta danna jan maɓalli ta yi mata alama da kai.

"Salamu alaikum," in ji Inna.

Shiru.

Inna ta jira. Kumandan ya ci gaba da tuƙa.

"Salamu alaikum!"

Hamdiyya ta juya hannu, alamar ta ci gaba. Inna ta karkato kunne wajen salula.

"Ke Hamdiyya, kurame kika tara min?"

"Inna, ba yanzu za su ji ba. Sai an ɗora."

"To in sun ji sa amsa, sai in ci gaba."

"Ba haka ake yi ba. Ke dai ki yi ta magana."

"Da wa? Ni tun da nake ban taɓa koya wa mutum ko ɗaurin akuya ba bai amsa min sallama ba. Mahaukaciya ce ni?"

Daga bayan zana aka yi gyaran murya.

"Hamdiyya, ki ce mata ta fara da obzektif."

"Inna, wai ki fara da obzektif."

"Ki ce masa babu shi. Dusa ce kawai da kanwa."

"Mushe, wai babu shi."

"Ki ce mata manufar darasi nake nufi. Pedagoji ke nan."

"Ki ce masa ina gaida shi da aiki."

Tsakanin Inna da Mushe bai fi tsawon igiyar Kumandan ba. Kowa na jin numfashin kowa. Amma sai magana ta biyo ta kan Hamdiyya kamar tashar mota.

Ta sake duban rana. Inuwar rumbu ta kusa taɓa turmi. Ta dubi Inna, ta dubi zana, ta ga takalmin Mushe yana leƙowa ta ƙasa, baƙi wul, ya sha mai.

"Mushe, fito. Kai ne ɗalibai."

"Pardon?"

"Inna za ta gaisa, kai ka amsa. Ba za a ga fuskarka ba."

"Ni formater ne, Hamdiyya. Ni ke koyar da masu koyarwa. Ba zai yiwu in..."

"Inna, wai ba zai amsa miki gaisuwa ba."

"Ni ban ce ba! Wallahi ban ce ba!"

Kafin ta rufe baki ya tuɓe takalma. Ga Mushe durƙushe a bakin tabarma, kai a ƙasa, baj na lilo yana sharar ƙasa. Duk duniya magana ɗaya ce ta halatta tsakaninsa da Inna baki da baki, ita ce gaisuwa. A wannan fannin kuwa ba ya buƙatar furmasiyo.

Hamdiyya ta danna.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Inna."

Fuskar Inna ta washe. Ta kalli ɗan baƙin idon kamar ta ga 'yan uwanta sun sauko daga amalanke.

"Yauwa, yanzu na ji mutane. Ina wuninku?"

"Lafiya lau, Inna."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya gida? Ya yara? Ya masu gidan?"

"Duk lafiya lau."

"Ya bisashe? Sun sha ruwa?"

"Sun sha, Inna."

"Madalla. Mutanen Kwaya, ina wuninku?"

"Lafiya lau."

"Na Dogo-Dogo fa? Ya aka ji da yashi?"

"Da godiya."

"Na Dungas, ya kasuwa? Na Magarya, ya hayaniya? Waɗanda ke tsallaken iyaka, kuna jina? Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi."

Hamdiyya ta ɗaga yatsa tana nuna rago. Inna ko kallonta ba ta yi ba.

"Wadda aka yi wa rasuwa a cikinku, ya haƙuri? Allah ya jiƙan musulmi."

"Amin, Inna."

"Mai ciwon ƙafa, ya ƙafar?"

"Da sauƙi."

"Wadda ta haihu, barka da arziki."

Mushe ya ƙara sunkuyar da kai.

"Barka kadai."

"Ya jego? Ya ruwan zafi?"

Hamdiyya ta cije leɓe har sai da ta ji zafi. Dariya take dannewa.

"Da... da godiya, Inna."

"Nono ya zo?"

Gumi ya gangaro daga goshin Mushe ya ɗiga a kan baj.

"Na ce nono ya zo?"

"Ya zo, Inna."

"To a yi ta shan kunun kanwa. Madalla, madalla." Inna ta gyara zama, ta jawo igiyar Kumandan har ya shigo cikin hoto da ƙahonsa. "To, bisimilla. Shi rago, abin da za ki fara dubawa..."

Ƙit.

Salula ta tsaya da kanta. Dandalin ba ya karɓar bidiyo mai tsawo, in lokacinsa ya cika sai ya yanke, ko liman ne ke magana.

"Ya aka yi?" in ji Inna.

"Ya cika."

"Me ya cika? Ko farawa ban yi ba."

"Na sani, tsohuwa. Ina wurin."

Ta bayan katanga Hamdiyya ta hango ladan ya wuce da buta a hannu. A garin nan wuri ɗaya ne rezo, wato sabis ɗin waya, ke tsayawa, kan tudun bayan gari, gindin gawo, kuma ko a can ma ɗora bidiyo sai an yi masa haƙuri. In ta ce a sake ɗauka, Inna daga sallama za ta faro, don a wurinta wanda aka rabu da shi ko na ƙiftawar ido ne sai an sake gaisawa.

Ta dubi bidiyon. Fuskar malama na ciki. Rago na ciki. Darasi ne dai babu.

Ta soke salula a haɓar zane ta nufi ƙofa.

"Ina za ki?" Mushe ya miƙe.

"Tudu."

"Kada ki ɗora wannan! Muryata ce a ciki! Hamdiyya, abokan furmasiyo za su ji! Na ce nono ya zo!"

"Ai gaskiya ka faɗa wa wata."

Ta fita da gudu. Mushe ya biyo ta ba takalmi, yana taka ƙaya yana Faransanci. Inna ta ce ba za a kai ta wani wuri a cikin waya ba tare da ita ba, ta kwance Kumandan ta biyo baya, don ba ta barinsa da kowa. Matan da ke dawowa daga rijiya suka ga jika a gaba, suruki a tsakiya, kaka da rago a baya. Ba wadda ta tambaya. Suka sauke tulu suka bi sahu.

A gindin gawo Hamdiyya ta hau saiwa ta ɗaga salula sama. Dandali ya nemi sunan darasi. Ta rubuta da babban yatsa: Darasi na ɗaya, Inna tana gaishe ku. Ta danna.

Wani siririn layi ya fara tafiya. Ya yi kaɗan ya tsaya. Ya sake motsawa.

"Tafi mana, ɗan albarka," in ji wata daga cikin matan.

"Ki ƙara ɗagawa!"

"Ki juya gabas, can rezon yake!"

"Hamdiyya," in ji Mushe yana haki, "a matsayina na formater ina ba ki shawara ki anile, ki soke shi."

"Hannuna ya ƙage, Mushe. Ba ya saukowa."

Layi ya kai rabi. Ya wuce. Ya tsaya dab da ƙarshe ya yi zamansa kamar jakin da ya ga rami. Daga cikin gari lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya hura ta, ya yi gyaran murya.

Layi ya cika. Ya koma kore.

"Allahu akbar," in ji ladan.

"Allahu akbar!" in ji Hamdiyya, ta diro daga saiwa. Wata ta rangaɗa guɗa, aka ce mata ta bari ana kiran salla, ta ce ai ta riga ta fita.

Da aka idar da salla Hamdiyya ta koma tudu ita kaɗai. Hawa dai ya hau. Amma Madam za ta kalla. Kuma Madam ba gaisuwa ta ce a ɗora ba.

Tana isa gindin gawo salula ta fara.

Ƙirin. Ƙirin. Ƙirin-ƙirin-ƙirin.

Ta ɗauka lalacewa ta yi. Ta buɗe. A ƙarƙashin darasin, inda aka ware don ɗalibi ya yi tambaya, saƙonnin murya ne jere, wani kan wani, tana ja suna ƙaruwa. Ta taɓa na farko.

"Wa alaikumus salam, Inna! Lafiya lau wallahi. Daga Dogo-Dogo ne. Ni ce mai jegon, namiji aka samu, ruwan zafi da godiya!"

Ta taɓa na biyu.

"Inna ina wuni. Ƙafar da sauƙi. Wallahi ko 'ya'yana ba su tambaye ni ba yau."

Hamdiyya ta zauna a kan saiwa. Ta saurari na uku, ta saurari na huɗu. Sai ta miƙe ta kwarara kira tun daga kan tudu.

"Innaaa! Sun amsa!"

Kafin wani lokaci gindin gawo ya cika. Inna a tsakiya a kan tabarma, Kumandan a gefe, mata sun kewaye. Mushe ya dawo da takalminsa, ya tsaya can nesa yana duban wata gona kamar shi aka ba awonta.

Wata tsohuwar murya ta fito tana rawa.

"Mero? Mero ta gidan Sha'ibu mai kanwa? Ke ce kika tsufa haka? Fanta ce, Fanta ta Dungas, da muka yi tallar nono tare! Ashe kina nan!"

Inna ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Fanta mai bakin tsiya! Ke Hamdiyya, buɗe min in rama. Ni ce na tsufa? Ita da haƙoranta suka zube tun ana kiran kuɗi da wani suna?"

Hamdiyya ta danna mata, Inna ta rama, har da ƙari. Mata na ta faɗuwa kan juna don dariya.

Na gaba wata yarinya ce.

"Inna mun gode, muna jiran maganar ragon. Amma don Allah wannan bawan Allah da ke amsawa, shi ma jegon yake?"

Tudu ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Mushe ya ƙara nisa da taku biyu.

Sai wata dattijuwa daga Magarya.

"Ni dai ko ba a koya min komai ba na ji daɗi. Kuma yaron nan mai amsawa, Allah ya yi masa albarka. Irin wannan ladabi ya yi wuya yanzu. Ɗan gidan wane ne?"

Mushe ya dawo da taku huɗu.

"Bon," ya ce, yana kallon sama. "Hamdiyya, ki gaya musu wannan metod ɗin sunanta entaraksiyo. Da gangan na tsara ta."

"Har da nonon, Mushe?"

"Duk cikin metod ne."

Inna ta ce ba wanda zai tashi sai ta amsa wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, don ba a gaishe ta ta yi shiru ba. Hamdiyya na danna mata, tana yi, tana tambayar kowace 'yar gidan wane ce. Sababbin sunaye na ta shigowa ajin, har da garuruwan da Hamdiyya ba ta taɓa takawa ba. Ta yi ta murmushi ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir a ɓoye.

Sai salula ta yi wani kuka daban. Kira ne.

Madam Rashida.

Murmushin ya tafi. Hamdiyya ta ɗaga hannu, tudu ya yi tsit. Ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Alo, Madam."

"Hamdiyya, na kalli abin da kika ɗora."

"To, Madam."

"Ajin kiwo ne. Babu kalma ɗaya ta kiwo a ciki."

"Akwai rago, Madam. A ƙarshe. Ta faɗa sau ɗaya."

Madam ta gyara murya.

"Kin san ƙa'idar dandali. Yanzu muka tashi daga zama da shugabanni a kan ajin naku. Abin da muka yanke shi ne..."

"Wace ce wannan?" in ji Inna.

"Inna, don Allah, Madam ce!"

"Madam ɗin ba ta da sallama? Ta faɗo cikin mutane kamar guga? Miƙo nan."

"Inna!"

Ina. Salula ta riga ta koma hannun Inna. Ta manna ta a kunne, yatsanta ya taɓa wani wuri, muryar Madam ta ɓace daga lasifika. Ta miƙe, ta ja mayafi, ta zagaya bayan gawo, don ba a ganawa da baƙo a gaban yara.

Daga inda suke guntu-guntu kawai ke isowa.

"...yauwa, ko ke fa. Ina wuni... Ina gajiya... Ya mahaifiyarki? Tana Damagaram ɗin? ...Allah sarki, ya ƙafar tata?"

Hamdiyya ta ɗora hannu biyu a ka. Mata suka zuba wa gawo ido. Ko Kumandan ya daina tuƙa.

"...A'a. A'a, 'yar nan, dakata. Ba a haka... Eh... To... To madalla. A gaida gida."

Inna ta fito tana gyara mayafi, ta miƙa wa Hamdiyya salula. An kashe kira.

"Inna, me ta ce?"

"Ta ce gidansu kowa lafiya. Uwar ce dai ke fama da ƙafa."

"Ajin, Inna! An rufe ko an bari?"

"Ta fara faɗa, na tare ta. Na ce babbar magana ba a yin ta a waya, mutum a tsaye, ko ruwa bai sha ba. In tana da abin faɗa ta zo gida."

Hamdiyya ta zaro ido.

"Sai ta ce me?"

"Ta ce gobe da hantsi suna tafe."

"Suna? Ita da wa?"

"Ana tambayar baƙo shi da wa? Mota biyu dai ta ce." Inna ta karɓi igiyar Kumandan ta juya wajen gari. "Tashi ki jiƙa gero."